Raket ɗin fikilbol: me zan rubuta wa Alhaji ya sayo?

Wani ƙanena, malamin motsa jiki a wata sakandare da ke unguwar Zariya a nan Maradi, ya aiko mini da wannan tambaya kan fikilbol, wani wasa mai kama da ƙaramin tanis da ake bugawa da raket da ƙwallon roba mai huji: "Yaya, barka da aiki. Mun ja layin fikilbol a filin ƙwallon kwando na lakwal ɗinmu, muna bugawa da yamma da raket biyu na katako da wani baƙo ya bar mana. Alhajinmu zai tafi Sin sarin kaya, ya ce in rubuta masa abin da nake so. Na duba a waya, na ga wani an ce kabon ne, wani fayba, wani 13mm, wani 16mm, kuɗin kuma daga mai araha har wanda ya kai kuɗin ragon layya. Wanne zan ce?"

Ƙanena, barka kadai. Kafin mu je ko'ina, ka fara tsare Alhaji daga kuskuren da ya fi kowane sauƙin aukuwa. Akwai wani wasa da ake kira fadel, sunansa ya yi kusa da na wannan, kuma a kanti ana jera kayansu wuri guda. Raket ɗin fadel mai kauri ne, ya kai milimita 38, jikinsa duk huji, da igiya a gindin ƙota. Na fikilbol kuwa shafaffe ne, babu huji ko ɗaya a fuskarsa, kamar allon almajiri da aka yi wa doguwar ƙota. Ka aika wa Alhaji hoto, ka ce in ya ga huji ya ajiye. Mutumin da ya je sarin atamfa da kayan gini ba shi da lokacin bambance waɗannan, in aka miƙa masa zai biya ya wuce.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Mai sayarwa zai ja hankalinka zuwa fuskar raket, domin a nan ake rubuta manyan kalmomi. Amma hannunka ba ya karatu. Abin da yake ji shi ne nauyi, da kaurin ciki, da yadda ƙota ta zauna masa. Waɗannan ukun su ne za su sa ka ji daɗin wasa ko ka koma gida kana shafa man zafi a gwiwar hannu.

Mu fara da nauyi. Yawanci ana rubuta shi da oza, domin wasan na Amurka ne, oza ɗaya kuma giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Abin da bai kai oza 7.3 ba, wato kimanin giram 207, ana ɗaukarsa mara nauyi. Daga nan zuwa oza 8.4, kusan giram 238, matsakaici ne. Abin da ya haura haka mai nauyi ne. Naku na katako, in ka ɗora shi a sikeli, ba mamaki ya kai giram 300 ko ya wuce. Kai dai ka nemi tsakanin giram 215 da 230. Mutane suna zaton mara nauyi ya fi tausaya wa hannu, alhali ba kullum ba. In raket ya cika sakayau, duk lokacin da ƙwallo ta faɗa a gefensa sai ya murɗe a hannunka, girgizar ta bi ta wuyan hannu ta sauka a gwiwa, kuma sai ka ƙara ƙarfi kafin ƙwallo ta kai ƙarshen fili. Mai nauyi sosai shi kuma kafaɗa yake ci, ya kuma sa ka makara idan ana musayar bugu da sauri a bakin raga.

Sai dai lambar sikeli ba ta faɗin komai da komai. Ka ɗauki gatari, ka riƙe shi a ƙarshen ƙota ka kaɗa. Sannan ka juya shi, ka riƙe ta wajen ƙarfen ka kaɗa ƙotar. Nauyin bai canja ba, amma na farko sai ka ji kamar zai fizge maka hannu, na biyu kuwa kamar sanda. Haka raket yake. Biyu za su yi giram 225 daidai, amma wanda nauyinsa ya taru a kai ya fi wuyar juyawa, ko da yake ya fi tura ƙwallo. Wannan ne ya kawo mu ga siffa. Dokar wasan ta ce tsawo kada ya wuce inci 17, wato santimita 43 da ƴan kai, kuma in aka haɗa tsawo da faɗi kada su wuce inci 24, kusan santimita 61. Kauri da nauyi ba a ƙayyade su ba. Saboda wannan doka, duk abin da aka ƙara a tsawo sai an rage shi a faɗi. Shi ya sa za ka ga mai faɗi, inci 16 da 8, da dogo, inci 16.5 da 7.5, da wani a tsakaninsu. Dogon yana kai hannunka nesa, ƴan wasan da suka fito daga tanis suna sonsa, haka masu buga ɗaya da ɗaya. Amma cibiyarsa, wato wurin nan da in ƙwallo ta faɗa sai ka ji bugu ya fita garau ba tare da girgiza ba, ta fi ƙanƙanta kuma ta matsa sama. Ku da kuke koyo, kuke buga biyu da biyu, mai faɗi ya fi muku. Yana yafe kuskure. Na ga samari da yawa sun zaɓi dogo don sun ga gwanayen Amurka irin su Ben Johns da shi a bidiyo, suka yi wata uku suna dukan ƙwallo da bakin raket.

Yanzu cikin raket, wanda ba a gani. In ka tsaga na zamani za ka tarar da saƙar zuma: ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida, an manna musu fata sama da ƙasa. Dabarar daga jirgin sama ta fito. Wasan dai an ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge kusa da birnin Siyatil na Amurka, mutum uku ne, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, kuma da raket ɗin tanis na tebur suka fara, daga baya suka koma yanka katako. Sai a 1984 wani injiniya na kamfanin Boeing mai suna Arlen Paranto ya ɗauki irin falankin saƙar zuma da ake shimfiɗawa a daɓen jirgi ya yi raket da shi. Tun daga nan katako ya zama na masu koyo.

Saƙar iri uku ce da aka saba. Akwai ta Nomex, wata takarda mai tauri da aka jiƙa da ƙaro, ita ce ta farko. Tana da ƙarfin bugu da ƙara mai kaifi, tas-tas. A Amurka har ƙorafi maƙwabta suke yi kan ƙarar wasan nan. Mu da ke kwana da injin niƙa da ƴan kabu-kabu ba mai kai ƙararka, amma taurinta yana wahalar da mai koyo wajen sassauta bugu. Akwai ta alminiyam, mara nauyi, sai dai tana lotsewa, in kuma ta lotse ba ta dawowa. Ta ukun ita ce ta roba, irin robar da ake yin buhun shinkafa da kujerun biki da ita, sunanta folifirofilin. Ita ce a cikin mafi yawan raket yau, ita kuma nake ba ka shawara. Tana shanye girgiza, ba ta da tsada, tana jure wahala. Kwanan nan an fara fito da waɗanda cikinsu soso ne mai tauri gaba ɗaya, babu saƙa. Suna da kyau, amma ka bar wa masu gasa.

Lambar nan da ta ruɗa ka, 13mm da 16mm, kaurin wannan saƙar ce. A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce ta fi shafar yadda za ka yi wasa. Siririya, 13 ko 14, tana mayar da ƙwallo nan take, tana taɓawa ta yi tsalle. Mai kauri, 16, tana ɗan riƙe ta, ta sha ƙarfinta, sannan ta sake ta. Sabon ɗan wasa kullum siririyar yake so, domin yana jin ƙarfi a hannunsa. Amma dubi filin da kuka ja. Tsawonsa mita 13.41, faɗinsa 6.10, daidai da na badminton. Daga raga zuwa mita 2.13 a kowane ɓangare akwai wurin da ake kira kicin, inda ba a yarda ka tsaya ka tare ƙwallo a sama ba. Raga a tsakiya santimita 86 ce. A ɗan wannan fili, ƙarfi ba ya ƙaranci, ko yaro ɗan aji ɗaya zai iya fitar da ƙwallo waje. Abin da ke ƙaranci shi ne taushin hannu: a turo maka ƙwallo da gudu, ka kashe mata gudun, ka ajiye ta a kicin ɗin abokin karawa inda dole ya ɗago ta. Wanda ya iya wannan shi ke kai maki 11 kafin kowa. Mai kauri 16 shi ke koya maka wannan da wuri. In da kai kaɗai ne kuma ka ce hannunka ba shi da ƙarfi, da na ce ka gwada 14, musamman ganin cewa zafinmu yana sa ƙwallon roba ta yi laushi ta rage tsalle. Amma ga raket na farko, ka rubuta 16.

Sai fuska, inda ake cin kuɗin mutane. Fayba, wato zaren gilashi da aka saƙa aka jiƙa da ƙaro, tana ɗan lanƙwasawa ta cilla ƙwallo, don haka tana da ƙarfi kuma ta fi araha. Kabon ya fi tauri, yana baza ƙarfin bugu a faɗin fuska, sai ka ji hannunka ya fi sanin inda ƙwallo za ta. Wanda aka rubuta wa girafayit ɗan gidan kabon ne, siriri kawai aka yi shi. T700 da za ka gani a jikin da yawa sunan wani nau'in zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan. Zare ne mai kyau, amma buga T700 a jikin kaya bai fi buga "asali" a jikin batir wuya ba.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne kaushin fuskar, domin shi ke kama ƙwallo ya sa ta juya. Kaushi iri biyu ne. Wani fenti ne da aka gauraya da ɗan yashi aka fesa. Ranar farko kamar sanfefa, bayan ƴan makonni ya koma sumul a tsakiya. Wani kuma a jikin ƙaron kansa aka dasa shi, da wani ƙyalle da ake mannawa lokacin gasawa sannan a ɓare, ya bar sawun saƙarsa. Wannan ya fi daɗewa, ko da yake shi ma yana cinyewa a hankali. Ga yadda Alhaji zai gane: ya kai raket wajen haske, ya karkata shi. In ya ga ƙananan layukan saƙa a jere, baƙi mara sheƙi, to na biyun ne. In ya ga ɗige-ɗigen yashi barkatai a kan zane mai launi, fenti ne. Ya kuma ja farce a hankali, na kirki yana yin wani ɗan sauti kamar an ja farce a kan sabuwar shadda. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wani a hannun wani mai kawo kaya, baƙi wuluk, an rubuta kabon da manyan baƙaƙe. Wata biyu gefensa ya ɗago, na ja, sai ga takarda mai hoton saƙa an manna a kan fayba. Raket ɗin bai ƙi buguwa ba, har yanzu yara na wasa da shi, amma kuɗin kabon na biya.

In kuɗi sun isa, kabon mai saƙa a jiki. In ba su isa ba, fayba ta gaskiya ta fi kabon na ƙarya, kuma ba abin kunya ba ce.

Za ka kuma ga waɗanda ake cewa an gasa su a dunƙule, wato an sa fuska da ƙota da gefe a cikin mazubi ɗaya an matse da zafi, an zuba soso a kewaye. Wuyansu ya fi ƙarfi, bugunsu ya fi zafi, cibiyarsu ta fi faɗi. Matsalar da aka sani da su, musamman na farko-farko da masu arahar cikinsu, ita ce saƙar ciki ta murƙushe ko fata ta rabu da ita. A ƙasa mai sanyi ma hakan na faruwa, balle a nan.

Wannan ya kawo ni ga abin da babu mai rubuta maka a jikin kwali, wato Maradi kanta. Raket ɗin nan gam ne ya riƙe shi, gam kuwa ba ya shiri da zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma take haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce 60. Na taɓa barin nawa a bayan mota na shiga ɗaurin aure, aka ja mu walima, ban fito ba sai bayan la'asar. Da yamma na buga, sai na ji sautin ya canja, wuri ɗaya yana cewa fof maimakon tok. Na danna da babban yatsa, ya yi ƙaras-ƙaras kamar an taka busasshen ganye. Shi ke nan, ya tafi. Saboda haka kada ka bar shi a mota, ko a ƙarƙashin sirdin mashin, ko a ɗakin kwano da ake kullewa tun safe. Ka rataye shi a ɗakin da kake kwana.

Wannan gwajin sauti ka koya wa Alhaji shi. Ka san yadda iyayenmu mata suke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya, su ji ko akwai tsaga a ɓoye. Haka zai yi da gaɓar yatsa, daga tsakiya zuwa gefe, gaba da baya. Sauti ya zama iri ɗaya, yana ɗan canjawa a hankali in an kusa baki. In wani wuri ya yi holoƙo shi kaɗai, a ajiye. Ya kuma girgiza shi kusa da kunne, kada a ji wani abu na kaɗawa a ciki.

Filinku siminti ne, mai kaushi, kuma wasan nan da yawansa ƙasa-ƙasa ake kwasar ƙwallo. Don haka ka zaɓi mai zagayen roba a baki. Akwai marasa zagaye, sun fi kyan gani, sun fi yanka iska, amma sau goma za su goge siminti ka ga saƙa ta leƙo. Ko mai zagayen ma ka ƙara masa salatif ɗin masu gyaran wuta a kai, in ya cinye ka sake. Ƙurar hunturu kuma tana cike ramukan kaushin fuska, ita da garin robar ƙwallo. Tsumma mai ɗan danshi ya isa, sai wata roba mai kama da magogin fensir da ake sayarwa don fuskar kabon. Kada ka kusantar da fetur ko kananzir.

Ƙota fa, manomi ya san ba a aron ta a ji daɗi. Kewayenta yana kamawa daga inci 4 zuwa 4.5, wato santimita 10 zuwa 11 da rabi. Ka riƙe kamar kana gaisawa da mutum, sannan ka sa manuniyar ɗaya hannun a tsakanin kan yatsunka da tudun babban yatsa. In ta shiga daidai, ta yi. In babu wuri, ta yi maka ƙanƙanta. In ta shiga tana lilo, ta yi girma. Tunda ba kai za ka je ba, ka ce a ɗauko inci 4.25 ko ƙasa da haka, domin ƙarama ana naɗa mata ƙyalle ta ƙaru, babba kuwa ba a fere ta. Tsawonta kuma, in kana bugun baya da hannu biyu kamar ƴan tanis, ka nemi inci 5.5. In da hannu ɗaya ne, ko ka saba ɗora yatsa a bayan fuska irin na ƴan tanis na tebur, inci 5 ya wadatar. Abin da ba zan yafe maka ba in ka manta shi ne ƙyallen naɗi. Gumin da muke yi a nan yana cinye fatar ƙota cikin ƙanƙanen lokaci, ta fara saɓulewa tana manne wa tafin hannu. Ka ce a sayo naɗi ko ashirin, irin busasshe mai shan gumi, wanda ƴan tanis ke sawa ma ya yi. Kada ka naɗa robar tayar keke yadda wasu ke yi, da gumi ya taɓa ta sai santsi.

Maganar hatimin USA Pickleball da za ka gani a jikin wasu, ma'anarsa ita ce hukumar wasan ta Amurka ta gwada samfurin ta yarda a shiga gasarta da shi, kuma tana da jerin sunayensu a intanet da kowa zai iya dubawa. Ku da ke bugawa a lakwal ba ku buƙatarsa. Manyan sunaye irin su Selkirk da JOOLA da Paddletek suna da raket da ke haura dalar Amurka 200, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato sama da jikka ɗari. In aka ce wa Alhaji ga irinsu a kuɗin buhun gero, ya san abin da yake saye. Gara ya ɗauki na ƙaramin kamfani da ya rubuta sunansa na gaskiya da nauyi da kauri, da ya ɗauki jabun babban suna.

Tunda malami ne kai, ka raba kuɗin gida biyu. Naka da na abokan wasanka manya, guda huɗu iri ɗaya, don kada wani ya ce raket ne ya ci shi. Na ɗalibai kuwa ka je wurin kafinta da ɗaya daga cikin na katakon nan naku, ya zana shi a kan filawud mai kaurin milimita 9 ko 10, ya yanka, ya goge baki sosai da sanfefa, ya manna ɓawon katako biyu a ƙota don ta cika hannu. Na ƙananan yara a rage girmansa kaɗan saboda nauyi. Da irinsa aka yi kusan shekara ashirin ana wasan a inda aka haife shi. Yaran za su jefar, su taka, su yi takobi da shi, ba za ka ji zafi ba.

Rarar kuɗin ka zuba a ƙwallo, domin ita ce ba ta samuwa a babbar kasuwa kuma kafinta ba ya yin ta. Akwai ta cikin ɗaki mai manyan huji 26, akwai ta waje mai ƙananan huji 40, wadda ta fi tauri kuma iska ba ta cika ɗaukarta ba. Ta waje za ka ce, launin ɗorawa ko kore mai haske, don a gan ta cikin hazo. Siminti yana cin su, sanyin safiyar hunturu kuma yana sa su tsage, don haka dozin uku ba su yi yawa ba.

Ga abin da za ka tura wa Alhaji a WhatsApp tare da hoton: raket ɗin fikilbol guda huɗu, marasa huji, 16mm, giram 215 zuwa 230, masu faɗi ba dogaye ba, masu zagayen roba a baki, ƙota 4.25, naɗi ashirin, ƙwallon waje mai huji 40 dozin uku. Ka roƙe shi ya sa raket ɗin a akwatinsa na tufafi ya taho da su a jirgi, kada su bi kwantena su yi watanni suna gasuwa a tashar ruwa da kan hanya. In sun iso ka kira ni, zan zo da yamma in ga ko layin kicin ɗin naku ya cika mita 2.13.